Tsani ko Rariya? Makaranta da Rabon Ilimi a Ƙasar Maraɗi

 

Shugaban wannan zama, wakilan Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tibiri, ranku ya daɗe. Malamanmu na zaure da na allo, Allah ya gafarta muku. Malaman lakwal da na jami'a, iyayenmu mata, ƴan'uwa da suka taso tun da safe daga Tibiri da Jiratawa, ɗalibai maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, suka kuma ga na cancanci in tsaya gabanku.

Batun da aka ba ni shi ne abin da masu nazarin zaman jama'a suka gano game da yadda matsayin gida, da kasancewar yaro namiji ko mace, da ƙabilarsa, suke shafar karatunsa. Batu ne mai faɗi, an yi rubutu a kansa daga Faransa har Amurka, amma zan tsuke shi ya tsaya a kwarin Gulbin Maraɗi, tsakanin birni da Tibiri da Jiratawa. Tambayata guda ce. Mun saba cewa makaranta tsani ce wadda ɗan talaka yake takawa ya hau. To, tsani ce ga kowa, ko kuwa rariya ce da take tankaɗe yara, ta kira wasu gari ta kira wasu tsaki? In rariya ce, me ya sa kusan kullum ƴaƴan gidaje iri ɗaya suke wucewa? Amsar da aka fi ji a ofisoshi da tarurruka ita ce mutanen Maraɗi ba sa son boko, al'ada da jahilcin iyaye sun yi musu katutu. Ina so in nuna muku yau cewa wannan amsa ta gaza. Iyaye lissafi suke yi, lissafi na masu hankali, kuma muddin makaranta ba ta gyara abin da take karɓa daga gida da abin da take mayar masa ba, wayar da kai kaɗai ba za ta sauya sakamakon lissafin ba.

Na ɗaya: guzurin da yaro yake zuwa da shi

A shekarar 1964 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron, suka fitar da bincike a kan ɗaliban jami'o'in ƙasarsu, suka kuma faɗaɗa shi a 1970. Sun tarar makaranta kyauta ce, jarrabawa ɗaya ce ga kowa, amma ƴaƴan likitoci da manyan ma'aikata sun cika jami'a, ƴaƴan leburori da manoma kuwa sai ɗaiɗai. Suka ce akwai wani jari wanda ba na kuɗi ba, wanda yaro yake gada a gida: irin harshen da ake magana da shi, sabo da littafi, sanin yadda ake amsa wa malami, da iyayen da suka san hanyar domin sun bi ta. Ni zan kira shi guzuri. Makaranta ba ta raba wannan guzuri, amma da shi take auna yara, sannan ta rubuta sakamakon a takarda da sunan ƙwazo. Wanda ya zo da guzuri a ce yana da kai, wanda ya zo hannu rabbana a ce daƙiƙi ne, shi ya yarda, iyayensa ma su yarda. A Amurka, rahoton James Coleman na 1966, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya kai ga magana mai kama da wannan: halin gidan da yaro ya fito ya fi bambancin gine-gine da kayan makarantu tasiri a kan sakamakonsa.

Mu dawo gida. Ku ɗauki yara biyu ranar shigarsu aji ɗaya. Na farko ɗan ma'aikaci ne a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ya yi makarantar renon yara, yana jin Faransanci a bakin babansa da talabijin, gidansu da lantarki, in ya yi rauni a lissafi a ɗauko masa malamin gida. Na biyu ɗan manomi ne a wani ƙauye bayan Tibiri, kuma ranar ce aka fara yi masa magana da Faransanci, mai maganar yana tsaye yana jiran amsa. Littafi ɗaya za a buɗe musu, ma'auni ɗaya za a auna su da shi. Jama'a, wannan tsere na adalci ne? Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaya an fafe masa tasa shekara uku da suka wuce, ɗayan kuwa ranar aka miƙa masa ɗanyen duma.

Sai dai awon Bourdieu bai zauna wa Maraɗi daidai ba, kuma a nan garinmu yake da abin da zai koya wa masana. A Faransa takardar makaranta ce babbar ƙofar ɗaukaka. A nan kuwa, tun da Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, akwai hanyoyin ɗaukaka da suka girme wa boko nesa ba kusa ba: sarauta, malanta, fatauci, da sana'o'in gado irin su ƙira da fawa da jima da wanzanci. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya bi diddigin yadda attajiran garin suka taso daga cinikin gyaɗa zuwa safarar kaya tsakaninmu da Nijeriya. Makarantarsu barance ce: yaro ya bi ubangida, ya koyi amana da lissafi da hanya, har a ba shi jari, kuma ana auna attajiri da arzikin mutane kamar yadda ake auna shi da kuɗi. Uban da ya dubi garin nan a shekarun 1970, ya ga yawancin masu benaye da manyan motoci ba su taka lakwal ba, ya kai ɗansa shago, wa zai ce bai iya karatu ba? Ya karanta garinsa daidai. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Jikokin waɗancan alhazai yau suna makarantun kuɗi, suna jami'o'in Maraɗi da Yamai da ƙasashen waje. Dukiya ta gane cewa tana bukatar takarda domin ta ɗore, ta kuma nemo ta. Talakan da yake koyi da alhajin jiya bai ankara ba cewa alhajin yau ya canza hanya. Olivier Meunier, wanda ya yi nazarin karatun Musulunci a birnin nan a shekarun 1990, ya nuna yadda makarantu suka yi rassa, daga allo da zaure zuwa Islamiyya ta zamani da faranko-arab. In ka haɗa da lakwal ta gwamnati da ta kuɗi, sai ka ga kasuwa ce sosai, kowane gida yana sayen abin da aljihunsa ya kai.

Na biyu: ƴa mace da lissafin uwarta

Lambobin sanannu ne, amma bari in maimaita su don kada mu yi magana a iska. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Daga nan mutane da yawa suke yanke hukunci cewa aure ne yake fitar da yarinya daga makaranta. Wani lokaci haka ne. Amma mu tambayi kanmu: yarinyar da aka aurar tana da shekara 15 a ƙauye, a aji aka same ta ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa? Sau da yawa ba a taɓa rubuta sunanta ba, ko kuwa ta bar karatu shekara biyu ko uku kafin nan. Makaranta ce ta fara sakinta, aure ya tarar da ita a zaune. In haka ne, abin tambaya shi ne me ya sa aka sake ta.

Amsa ta farko tana ɗakin uwa. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna cewa aure a nan cikakken tsarin tattalin arziki ne, domin biki da gudummawa da kayan ɗaki su ne hanyoyin da mata suke tara dukiya da mutunci. Sai ƙasar noma ta yi ƙaranci. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar nan, kuma kudancinta yana cikin wuraren da suka fi cunkoso a Nijar. Marthe Diarra da Marie Monimart, da suka yi bincike a kudancin Maraɗi a shekarun 2000, har da Jiratawa, sun tarar gamanar da miji yake yanka wa matarsa tana ɓacewa, domin gandun ma bai isa ba. Har aka samu abin da ake kira kullen gona: mace ta daina fita noma, a ba abin sunan kulle, alhali tushensa rashin filin da za a ba ta ne. Sun ga matasan mata da ba su iya shuka ba, domin ba su taɓa bin uwayensu gona ba. To, macen da ba ta da gamana, ba ta kuma fita, da me za ta sayi sabulu, ta yi biki, ta tara wa ƴarta kwanoni da katifa? Sai sana'ar cikin gida, ƙosai da fura da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale. Wa zai kai wa masu saye? Ƴarta. Enid Schildkrout ta bayyana wannan a Kano tun shekarun 1970, ta nuna cewa ƴar talla ita ce ƙafar uwar da ke kulle. Saboda haka idan muka ce da wannan uwa ta saki ƴarta ta tafi lakwal safe da maraice, abin da muke nema a wurinta shi ne ta rufe shagonta, ta kuma bar kayan ɗakin yarinyar ba madafa. Iyayenmu mata da ke nan, ku gaya mini, an taɓa faɗa muku abin da za a ba ku a madadi?

Amsa ta biyu nisa ce. Firamare ta shiga ƙauyuka da yawa, amma kwaleji ta fi zama a manyan garuruwa. Yarinya ƴar shekara 12 ko 13 da ta gama firamare sai ta yi doguwar tafiya kullum, ko a nema mata mai masauki a Tibiri ko a birni, inda sau da yawa take komawa ƴar aiki, ba mai sa ido a kan mutuncinta. Uban da ya ce a'a a wannan gaɓa tsoron abin kunya ne ya kama shi, kuma tsoron ba na banza ba ne. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 domin kare yarinya mai karatu, da makarantun kwana na ƴan mata irin wadda aka buɗe a Kelle a 2021, alama ce cewa hukuma ta gane inda gizo yake saƙa, ko da yake bukatar ta fi abin da aka gina yawa ƙwarai.

Amsa ta uku ita ce mafi ɗaci. Me yarinyar take samowa? Gwajin PASEC, wanda ake yi wa ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin iya karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya gyaru zuwa wajen uku cikin goma. A 2017, da aka yi wa malaman kwantaragi gwaji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, kuma ban ɗora musu laifi ba, domin da gaggawa aka ɗauke su, horo kaɗan, albashi kaɗan. Uwar da ta yi asarar tallan shekara shida, ƴarta ta dawo ba ta iya karanta takardar likita ba, idan ta hana ƙanwar zuwa, jahilci ta yi ko darasi ta ɗauka?

Na uku: ƙabila, harshe da wurin zama

Na san wannan kalma tana sa mutane gyara zama, don haka zan taka a hankali. Babu ƙabilar da Allah ya halitta da son karatu, babu wadda ya halitta da ƙinsa. Inda aka gina makaranta, da harshen da aka sa mata, da lokacin da ake buɗe ta, su suke yanka wa ƙabilu rabo. Tarihinmu shaida ne. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, makarantu da ofisoshi suka fi taruwa a yamma, ko a can ɗin ma kaɗan ne, domin lokacin samun ƴancin kai a 1960 yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ƴar rata ta farko ta haifi ma'aikata, ma'aikata suka haifi ƴaƴa masu guzuri, har ya zamana shugabannin ƙasa uku na farko, Diori Hamani da Seyni Kountché da Ali Saibou, duk daga yamma suka fito, ko da yake Hausawa sun fi rabin jama'ar ƙasa. Masana irin su Mahaman Tidjani Alou na Nijar da Jibrin Ibrahim na Nijeriya sun yi rubutu a kan yadda aka ƙera manyan ƙasar nan da yadda rabon ya karkata. Ban kawo wannan don in fama tsohon miki ba. Na kawo shi ne domin mu mutanen Maraɗi mun ɗanɗani zafin a ce da kai mutanenku ba sa son karatu, alhali makarantar ce ba a kawo muku ba. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya faɗa wa wani ba.

Ga shi kuwa muna faɗa. A jihar nan Hausawa ne masu rinjaye, kuma Fulanin ruga da Buzaye makiyaya, ko a nan kwarin gulbi ko a arewa wajen Dakwaro da Bermo, su ake nunawa da yatsa. Ku dubi abin da ake nema a wurin ɗan makiyayi. Shekarar karatu tana kamawa daga Oktoba zuwa Yuni, ta haɗiye rani da bazara, lokacin da garke yake bin ciyawa da rijiya. Makaranta tana tsaye wuri ɗaya, dukiyar gidansu tana tafiya. Idan babu abinci da wurin kwana a makarantar, zaɓi biyu ne gare shi, ko garke ko aji. In ya zaɓi aji, malami yana koyarwa da Faransanci, in ya ga yara sun ɓace ya fassara da Hausa, shi kuwa mai Fulatanci ko Tamashek tsallake biyu ke gabansa. Manomi ma kalandar ba ta tausaya masa ba, domin Oktoba tsakiyar kaka ce, ana ɗaurin hatsi, ana cirar gyaɗa, ana roron wake.

Maganar harshe ba sabuwa ba ce a wurinmu. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa da harsunan Afirka a littafinsa na 1964. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji. A gwajin PASEC na 2014, ƙasar Burundi, inda yara suke farawa da harshensu na Kirundi, ita ce ta yi zarra a ƙananan azuzuwa. Duk da haka mun shafe rabin ƙarni yawancin yaranmu suna farawa da harshen da ba su ji. Yanzu, tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Wannan dama ce babba, jarrabawa ce kuma gare mu. Idan Hausa ta zame wa ɗan Fulani abin da Faransanci ya zame wa ɗan Bahaushe, to mai riƙe da rariyar kawai muka canza.

Na huɗu: igiya mai tufka uku

Na jera muku abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya don sauƙin bayani, amma a rayuwar yaro a tufke suke. Wata masaniyar shari'a a Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta ja hankali a 1989 cewa wanda matsaloli biyu suka haɗu a kansa ba a gane halinsa ta duban kowace ita kaɗai. Ƴar babban ma'aikaci a birni ta fi ɗan ƙaramin manomi na bayan Jiratawa kusa da jami'a, ko da yake ita mace ce shi namiji. Ƴar makiyayin da fari ya cinye wa dabbobi kuwa, dukkan tufka ukun a wuyanta suke. Shi ya sa shirin da ya ce ƴan mata kawai, bai tambayi ƴan matan wane gida ba, waɗanda suka riga suka samu guzuri su za su fara cin moriyarsa. Kuma rariyar tana fara aiki tun kafin a raba takardar jarrabawa. Ba wanda ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare cikin birnin nan, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan musiba a Yamai. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceton iyayensu ne. Hukuma ta ce a lokacin akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasa. Ƴaƴan wa suke zama a ajin zana? Ba a rubuta a ƙofar kowace makaranta cewa wannan ta talakawa ce ba, amma kowa a zauren nan ya san amsa.

Na biyar: abin da masu ja za su ce

Wani zai ce: Malam, rabo na Allah ne, ga wane ɗan talaka ya zama likita, ga wance ƴar ƙauye tana koyarwa a jami'a. Gaskiya ne, muna kuma alfahari da su. Amma mai nazarin jama'a ba ya tsayawa ga ko mutum ɗaya zai iya haye gulbi da iyo. Yana tambayar cikin ɗari nawa suka haye, nawa ruwa ya ci, kuma don me wasu suke da jirgi. Imani da ƙaddara bai taɓa hana manomin Jiratawa yashe hanyar ruwan gonarsa ba, bai kuma kamata ya hana mu gyara makaranta ba.

Wani zai ce duk wannan magana kayan Turawa ce, ana so a rusa mana aure da addini. Ina girmama wannan tsoro, domin ba yau aka fara kawo mana shiri daga waje ba tare da an tambaye mu ba. Amma sarakuna da attajirai da talakawa ba Bature ya koya mana sunayensu ba. Na san a gaban Katsinawa da Gobirawa nake, waɗanda kakanninsu suka yi shekaru suna gwabzawa da Sakkwato, duk da haka ba wanda zai musa cewa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a ƙasar Gobir, ya soki malaman da suke karantar da almajirai su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta kafa ƙungiyar ƴan taru, malamanta mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan karkara. A namu ɓangaren muna da Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri, mata masu faɗa a ji a fada, muna kuma da gadon malaman da, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Matan aure da suke cika makarantun Islamiyya a unguwanninmu sun isa shaida cewa in karatu ya zo da lokacin da ya dace, da harshen da ake ji, da tsarin da gida ya amince da shi, mutanen Maraɗi rububinsa suke yi.

Ja na uku ya fi ƙarfi: in sun yi karatun, ina aikin? Ga masu digiri zaune a fada, wato majalisar samari, suna dafa shayi, har Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a 2019 a kan wannan zama na samarin Nijar. Na yarda da rabin maganar. Makarantar da muka gada an tsara ta ne ta samar da ma'aikatan ofis, gwamnati kuwa ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Amma amfanin karatu bai tsaya ga albashi ba. Ɗan kasuwa yana bukatar karanta takardar kwastan da saƙon kuɗi a waya, mai noman rani yana bukatar karanta awon taki da maganin ƙwari da lissafin ƙungiyarsa, mace tana bukatar karanta takardar filin da ta gada. In kuwa karatu ba shi da amfani, don me masu hali suke zuba kuɗi a kansa? Ku bar abin da ake faɗa, ku dubi inda suke kai ƴaƴansu.

Na shida: abin yi

Idan lissafi ne, sai a gyara lissafin. A fara wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono, Hausa ga mai Hausa, Fulatanci ga mai Fulatanci, sannan a ɗora masa wasu. A kusanto da kwaleji, inda ba ta kusantuwa a gina wurin kwana wanda uba zai iya zuwa ya duba da idonsa. A zauna da manoma da makiyaya a daidaita kalanda da kaka da tafiyar garke. A lissafa asarar uwa a biya ta, da abincin makaranta ko da jari, kuma ba sai mun je nesa neman hanya ba, domin asusun Mata Masu Dubara a jihar nan aka fara shi a 1991 kafin ya bazu a duniya. A buɗe ƙofa tsakanin allo da Islamiyya da lakwal, ta yadda wanda ya sauke Alƙur'ani ba zai koma kamar bai taɓa karatu ba. Alhazanmu da suka ƙawata garin nan da masallatai, Allah ya saka musu, ina roƙonsu su tuna cewa aji na bulo ma sadaka ce mai gudana. Ku kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo, kun ji yawancin sunayen da na ambata baƙi ne, sun kuma yi aiki nagari. Lokaci ya yi da ɗan Tibiri da ƴar Jiratawa za su ɗauki alƙalami su bi yaran aji guda shekara goma, su rubuta sana'ar uba da ta uwa, da harshen gida, da nisan tafiya, da ranar da kowane yaro ya daina zuwa da dalilinsa. Ranar da muka san a wace shekara kuma a wace ƙofa muke rasa kowane yaro, ranar za mu daina zargin iyayensa, mu kama aikin da ya rataya a wuyanmu.

  Yanzu fili naku ne. Ina roƙon shugaba ya fara ba iyayenmu mata da baƙinmu na Tibiri da Jiratawa dama, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai tambaya ya yi, mai gyara ya gyara mini.